Taswirar da Aka Zana wa Goggo

Osaka, watan Fabrairu, 1976

Zuwa ga ɗana Sangil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya, kuma sanyin Seoul bai cinye muku kunnuwa ba. Ni ce Gyesun, ƙanwar babanka, wadda na san in ma an taɓa ambaton sunanta a gidanku, to da murya ƙasa-ƙasa ne. Lafiyata lau in ka cire gwiwoyi, su kam sun riga ni tsufa. Tsayuwar shekara da shekaru a kan tulunan kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan namu mai yaji, a kasuwa ita ta gama da su.

Rasuwar Yaya a bakin wani ɗan tsibirinmu na Jeju na ji ta, bayan har ciyawa ta rufe kabarin. Ban yi fushi da kai ba. Shi ne tun da daɗewa ya aiko min cewa kada in ƙara rubuto masa, ni kuwa na bi umarni kamar yadda ƙanwa ke yi, ina zaginsa a cikina. Yanzu ya tafi da dokarsa.

Rabona da kai tun shekarar da aka ƙone ƙauyukanmu, na shiga kwalekwale riƙe da hannun ɗana Yongbae muka gudo Japan. A lokacin in ina yi maka wanka, ƙafafunka duka biyu a tafin hannuna ɗaya suke zama. Yanzu an ce malamin makaranta ne kai, har da tabarau, kana koya wa yara labarin ƙasa.

Ga dalilin wasiƙar. Gwamnatinku ta buɗe ƙofa, ta ce mu Koriyawan Japan mu zo mu ga gida, har da irinmu da sunayenmu ke cikin ƙungiyar masu goyon bayan Koriya ta Arewa. Ni ban san goyon bayan kowa ba, ƙungiyar da ta samar min rumfa ita na shiga. Maƙwabciyata a kasuwa, Madam Ko, ta je bara ta dawo da ƙafafunta biyu, tun daga ranar ba ta bar kunnuwanmu sun huta ba. Na ba da sunana a ayarin bikin Chusok na kaka mai zuwa. Za su zagaya da mu masana'antu mu tafa musu, sannan su sake mu kwana huɗu wajen dangi kafin in wuce Jeju gaida kaburbura. Kwana huɗun nan naka ne. Ban taɓa taka Seoul ba, kuma ba na jin zan taka ta sau biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka tsara min tun yanzu. Ina son ganin fadar tsoffin sarakuna. Ina son shiga kasuwar Ƙofar Kudu in ɗanɗana kimchinsu in yi musu dariya. Ina son hawa jirgin nan naku da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Sai abu ɗaya da ya fi duka. An ce a bakin kogin Imjin akwai wurin da ake tsayawa a hango Arewa. Ka san Yongbae yana can. Shekara goma sha biyar ke nan da ya hau jirgin ruwan da ke kwasar mutanenmu, ya ce can zai yi karatun injiniya ba mai toshe hanci yana kiransa ɗan tafarnuwa. Yana rubuto min, ya ce suna cikin wadata, ba abin da suka rasa, sai dai in aika da safa da allura. Ƙasar sanyi ce, ka sani. Ka sa min kogin nan a ranar Chusok ɗin kanta.

Zumunta a ƙafa take, tawa ƙafar ta daɗe a ɗaure. Ka gaida matarka.

Goggonka,
Gyesun


Seoul, watan Maris

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki cikin ladabi, na rusuna daga nesa. Muna lafiya, ni da matata Okbun da 'yarmu Sohi, wadda haƙoranta na gaba suka zube, in tana magana har fito take yi. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta ta a zaune. Baba ba ya ambaton ki sai in ya sha giyar shinkafa, amma bayan rasuwarsa mun samu hotonki a ƙasan akwatinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, sai da muka ɗan taɓa da Okbun. Ta juya ambulan ta ga kan sarkin Japan, ta ce:

"Baban Sohi, ka manta abin da Baba ya ce a kan wasiƙun tsallaken ruwa?"

Na ce, "Wancan zamanin Baba ne. Yanzu gwamnati ce da kanta take gayyatarsu. Ba ki gan su a talabijin suna kuka a filin jirgi ba?"

Ta ce, "Na gan su suna kuka. Waɗanda suka tarbe su ne ban sake gani ba."

Na ce mata tsoronta ya yi yawa, ko mai karanta mita ne ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ɓoye cokula. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Kada ki ɗauke ta da zafi, 'yar tsohon ɗan sanda ce, a gidansu ko tari za a yi sai an leƙa taga. Ni dai na riga na je na sa hannu a matsayin wanda zai tsaya miki.

Ga tsarin. Ranar farko fada, da sassafe kafin 'yan makaranta su cika ta, daga nan gidan namun daji ki ga giwa. Rana ta biyu jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai mu kasuwar Ƙofar Kudu, in kika gama cin mutuncin masu kimchi mu ci taliyar sanyi, da yamma mu hau dutsen Namsan a akwatin da igiya ke ja. An gina doguwar hasumiya a can amma ba a bari a hau ta, kuma ba a ɗaukar hoto ta gefen arewa, za ki ga allon. Rana ta uku kogin Han da gadojinsa. Ta huɗu, ranar Chusok, mu yi wa kakanni shimfiɗar abinci da safe, mu kama bas zuwa Imjin.

Yanzu sai abin da nake alfahari da shi, ga shi a ninke cikin ambulan. Taswira ce na zana miki da hannuna, sai da na yi ta sau uku kafin ta kwanta min. Na sa gadoji duka da tsawon kowacce, don ki san wadda gwiwa za ta iya. Na sa lambobin bas. Na sa wuraren da sojoji ke tsayar da mota a hanyar Imjin, don ki riƙa fito da takardunki tun ba a tambaya ba. Duk inda kika ga jar da'ira, benci ne ko inuwa inda za ki huta, kuma ba wanda ban je na zauna a kai da kaina ba a ranakun Lahadi. Babbar da'irar ita ce bakin kogi, na rubuta ranar da lokacin a gefenta, tsakar rana daidai. Da jan biron da nake yi wa yara maki na yi aikin, amma sunanki da baƙi na rubuta, don Okbun ta tsaya a kaina ta ce ba a rubuta sunan mai rai da ja.

Magana ɗaya, Goggo. Zancen ɗan'uwana da ke wancan gefen, mu ajiye shi sai mun zauna ido da ido. Takarda ba ta iya riƙon irin wannan zance ba.

Ɗanki,
Sangil


Seoul, farkon watan Mayu

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki, da fatan jiki da sauƙi. Mu ma lafiya. Shiru har yanzu ban ga amsarki ba, ban sani ba ko tawa ta isa.

Makon jiya na yi baƙo a makaranta. Ina tsakiyar darasi shugaba ya aiko a kira ni, na tarar da wani mutum mai fara'a zaune a kujerar shugaban, shi kuwa shugaba yana tsaye. Ya miƙo min sigari, ya kunna min da hannunsa.

Ya ce, "Malam Bu, an ce kai gwanin zane ne."

Na ce, "Ina ɗan taɓawa, saboda yara."

Ya ce, "Madalla. Ya gwiwoyin Goggo? Har yanzu tsayuwar kasuwa?"

Mutumin kirki ne ƙwarai. Ya san sunan kasuwarku, ya san Madam Ko, ya san abin da ɗan'uwana ke roƙo a aika masa. Ni kuwa ban taɓa yin zancenki da kowa a makaranta ba. Kin ga dai yadda hukumarmu ke kula da baƙinta tun ba su iso ba. Ya ce zai sake leƙo ni.

Goggo, na yi tunani a kan tafiyar nan. Masu duba yanayi sun ce kakar bana za ta zo da ruwa da iska, ba za ta yi wa gwiwoyinki daɗi ba. Gidanmu ma ƙarami ne, kuma kwanan nan na lura yana yoyo ta inda ban zata ba. Ina ganin ki bari sai wata shekara.

Taswirar nan kuma na sake duba ta, cike take da kurakurai, abin kunya ne ga malami. Ina roƙon ki ki ƙona ta ranar da wannan ta same ki. Kada ki nuna wa kowa, kada ki ba kowa, kada ta fita daga ɗakinki sai a toka. Kada kuma ki aiko mana da tsaraba, ba mu rasa komai ba.

Ki karanta wannan wasiƙa a hankali, Goggo. Ki karanta ta sau biyu.

Ɗanki,
Sangil


Osaka, farkon watan Mayu

Ɗana Sangil, malamin malamai,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Maman Sohi da mai giɓin nan. Gwiwoyi suna nan suna kuka, amma tun da taswirarka ta iso na daina sauraronsu. Ta daɗe a hanya kamar da ƙafa ta tako, kuma ka faɗa wa matarka ta riƙa tsimin gam, bakin ambulan ɗin ya yi kauri har sai da na sa wuƙa.

Kai, yaron nan! Na shimfiɗa ta a kan murfin tulu, layinmu kaf ya bar ciniki ya taru. Madam Ko ta sa tabarau ta bi ta da yatsa, ta ce:

"Wannan ai ko makaho aka ba wa zai kai kansa Imjin."

Na ce, "Ke da kika je, wa ya zana miki ko hanyar banɗaki?"

Ta ce, "Nawa dangin a bakin otal suka gaishe ni suka gudu, ko shayi ba su sha ba."

Na ce, "To kin ga bambancin jini."

Jajayen da'irorin nan su suka sa ni kuka, ban ɓoye ba, a gaban masu sayen kabeji na yi shi. Tun da Yongbae ya tafi ba wanda ya taɓa tunanin inda zan zauna in huta.

Ka ce in ajiye zancensa sai mun haɗu. Na gane, kai ma irin babanka ne, ba kwa son abin da zai sa ku hawaye. Amma ka yi haƙuri, wannan albishir ba zai jira kaka ba. Na yi wata dabara. Tunda na haddace taswirar tsaf, sai na ninke ta na sa cikin ƙullin safa na aika wa Yongbae ta jirgin ruwan da ke zuwa Arewa. Na rubuta masa cewa ɗan'uwansa Sangil ne ya zana musamman, ya dubi babbar da'irar, ya dubi ranar da lokacin. Na ce ranar Chusok da tsakar rana ni da kai za mu tsaya a nan, shi kuma duk inda yake ya ajiye abin da ke hannunsa ya fuskanci kudu. Ba zan gan shi ba, ba zai gan ni ba, amma kowa ya san ɗan'uwansa na tsaye. Ka ga ashe tsohuwa ma tana da kai.

Na aiko muku da kaya ta gidan waya don kada su yi min nauyi ranar tafiya. Akwai ƙaramar rediyo mai kama tashoshin nesa, akwai kyamara taka, ka fara koyon ta tun yanzu don ba na son hoton da aka yanke min kai. Akwai yadi na Maman Sohi.

Goggonka mai ɗokin kaka,
Gyesun


Osaka, watan Yuni

Sangil,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai da sauƙi, ba don wasiƙarka ba.

Ta biyun taka ta iso bayan tawa ta tafi, sun yi saɓani a hanya. Ka ce in karanta sau biyu. Sau huɗu na karanta, kuma kowane karo abu ɗaya nake gani: ba a son zuwana. Ruwa da iska! Ni da na yi shekaru ina nutso a tekun Jeju cikin hunturu ina ciro kawa da sauran abincin teku tun ba a haife ka ba, ni za a tsorata da ruwan kaka? Wane mai duban yanayi ne ya san ruwan watan tara tun a watan biyar? Gida na yoyo kuwa, ka sa kwano. A ɗakin da na raini Yongbae, in ana ruwa da lema muke kwana.

Na san wannan ba bakinka ba ne. Wadda ta juya ambulan tana shinshina kan sarki ita ce ta zuga ka. Ta ji an ce mai sayar da kimchi, ta ga za a shigo mata gida da warin tafarnuwa a gaban maƙwabta. Ka faɗa mata da sabuluna zan zo, kuma ba na cin da yawa.

Abin da ya fi ƙona min rai, bare ya fi ka zumunci. Mutumin da ya zo makarantarku bai san ni ba, bai haɗa komai da ni ba, amma ya tambayi gwiwoyina. In ya dawo ka gaishe min shi, ka ce na gode.

Taswira kuma ba ta ƙonuwa, na faɗa maka tana wajen Yongbae, yanzu haka ta isa hannunsa. In akwai kuskure a wajen gadoji ko wajen shingayen sojoji, ka rubuto min gyaran dalla-dalla in aika masa, kada ya riƙe abin da ba daidai ba. Ranar da lokacin dai kada ka taɓa su, don a kansu muka tsaya da shi.

Zan zo. In ba ka tarbe ni ba, na san hanyar gidanka, kai ka zana min.

Gyesun


Osaka, ƙarshen watan Yuli

Ɗana Sangil,

Kuna lafiya? Ni ba na barci sosai.

Shirun ya yi yawa. In maganata ce ta yi zafi, ka yafe wa tsohuwa, bakina ya saba da kasuwa. Ka ba wa Maman Sohi haƙuri, ban san ta ba na yanke mata hukunci. Ko kayan sun iso? Ko layi biyu ne ka rubuto.

Yongbae ma shiru. Ya saba duk ƙullin da ya isa sai ya amsa, wannan karon ko tari. Madam Ko ta ce ruwa ba ya tsami banza, na ce ta rufe min baki. Amma tun ranar ta daina zama kusa da ni in mun tashi cin abinci.

Na ɗinka sabuwar riga ta bikin.

Goggonka


Seoul, watan Agusta

Goggo,

Ni ce Okbun, matar Sangil. Ina gaishe ki. Ni da Sohi muna raye. Wannan ba ta gidan waya za ta zo ba, ƙanena Pilgu da ke aiki a jirgin ruwan Busan ne zai kawo miki a cikin takalminsa, don haka zan yi magana yadda take.

Sun tafi da Baban Sohi tun watan Yuni. Muna karin kumallo suka zo, su uku, suka shigo da takalmansu har tsakiyar ɗaki, kan shimfiɗar da muke ci. Daga ganin takalman nan na san komai ya ƙare. Mai fara'ar nan da kika ce a gode masa shi ne gaba. Ya zauna ya ɗauki kokwamba a kwanonmu yana ci, ya fito da hotunan wasiƙu ya jera. Naki duka, da nasa duka, har da taswirar. Ba wadda ba su buɗe ba tun ta farko.

Ya ce, "Malam Bu, wa ya umarce ka ka auna gadoji?"

Baban Sohi ya ce, "Ranka ya daɗe, saboda gwiwar tsohuwa ne."

Mutumin ya ce, "Shingayen soja ma saboda gwiwa?"

Baban Sohi ya ce, "Don ta shirya takardunta."

Mutumin ya ɗaga wasiƙarki ya karanta da ƙarfi, inda kika ce kin aika Arewa, ɗan'uwansa ya zana musamman, a kan rana da lokaci kuka tsaya. Ya ce, "Ni dai ban ƙara ko kalma ba. Goggonka ta sauƙaƙa mana aiki." Suka kwashe zane biyun farko da ya ƙi zubarwa don yana son su, da rediyon, da kyamarar da ko buɗe ta bai yi ba, har da jan biron.

Na yi ta yawo ofis-ofis, kowa ya ce bai san da shi ba. Sai a jarida na gan shi, tsaye bayan wani tebur da aka jera kayanki a kai, an rataye taswirar a bango an ƙara mata girma. Wani na nuna ta da sanda. Jajayen da'irori wai wuraren ajiye saƙon asiri ne. Zaman da ya yi ta yi a kan bencunan nan ranakun Lahadi, ashe suna bayansa suna ɗaukar hoto. Babbar da'irar kuma wai wurin haɗuwa ne da mutumin Arewa.

Ya sa hannu ya amsa duka. Da aka bar ni na gan shi, na ce, "Baban Sohi, don me ka amsa abin da ba ka yi ba?" Ya ɗago hannayensa ya nuna min ta bayan ragar waya, duk an farfasa su. Ban ƙara tambaya ba. Mutum biyu ne suka riƙe shi ya koma ciki.

An shafa mana jan fenti a ƙofa, alamar gidan maci amana. Mai shagon layinmu ba ya karɓar kuɗi daga hannuna, sai in ajiye a kan kanta. Mahaifina ya ce kada in zo gidansa da rana.

Kin ce ni na zuga shi. Eh, ni ce. Ni na zauna kusa da shi muka rubuta zancen ruwa da yoyo, muna tsammani za ki gane hannunka mai sanda. Da na iya zuga da kyau, da tun wasiƙarki ta farko ta shiga murhu. Ina jin haushinki, Goggo, ba zan yi miki ƙarya ba, ko da yake na san ba da mugunta kika yi ba. Shi kuwa ko a wurin nan sai da ya motsa baki ya ce in hana ki zuwa.

Kada ki zo. Sunanki ne na biyu a takardar tuhuma, a filin jirgi za su ɗauke ki. Kada ki sake rubutowa ta gidan waya, kowane layi naki shekara ce a kansa. Pilgu zai riƙa biyowa ta kasuwarku in jirginsu ya tsaya.

Okbun


Osaka, watan Nuwamba

'Yata Okbun,

Ina gaishe ki, ina gaida Sohi. Kada ki tambayi lafiyata, ba ta da amfani ga kowa.

Pilgu ya faɗa min hukuncin. Ya ce sai Sohi ta isa aure kafin ubanta ya fito. Ya faɗa a tsaye, ya ƙi zama, ya ƙi cin abincina, ban ga laifinsa ba. Haushin da kike ji ki riƙe shi, haƙƙinki ne, ba zan roƙi ki sauke ba.

Ranar Chusok na sa sabuwar rigar. Da tsakar rana na rufe rumfa na hau rufin kasuwa inda ake shanya barkono, na tsaya. Na ce ko ba komai Yongbae yana can ya fuskanci kudu, yana zaton uwarsa na bakin kogi, bai kamata ya tsaya shi kaɗai ba. Na tsaya har gwiwoyin suka ƙi, ba benci a wurin.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga Arewa. Ba rubutunsa ba ne, na matarsa ne. Ta ce suna lafiya, suna cikin wadata. Ta ce hukuma ta yi musu alheri ta mayar da su wani ƙauye a cikin duwatsu inda iska ke da kyau. Ta ce Yongbae ya tafi wani aiki mai nisa tun watan Yuni, ba a san ranar dawowarsa ba, don haka kada in jira amsarsa. Ta ce sun gode da zanen, mutane da yawa sun zo sun gani, amma kada in ƙara aiko da takarda kowace iri, safa ta isa.

Da a watan Mayu ne, da na zagaya layinmu ina faɗa wa Madam Ko an ƙara wa ɗana girma har da gidan hutu. Sau ɗaya na karanta ta, Okbun. Yanzu na iya karatun wasiƙa.

Ashe ranar nan a kan rufi ni kaɗai ce a tsaye.

Hunturu ya kusa, an ce ɗakunan da ake ajiye su ba a hura musu wuta, can da nan duka. Na sayi safar ulu mai kauri, ƙulli biyu. Na san ƙafar Yongbae, ko zai same su ko ba zai samu ba zan aika. Ta Sangil ce ban sani ba, rabona da ita tun tana zama a tafin hannuna.

Ki ɗauko takalminsa ki auna da zare, ki yanke daidai tsawon, ki ba Pilgu. Kada ki rubuta lamba, kada ki zana komai. Zaren kawai.

Gyesun